Ƙasar da Kanola Take So

Kanola, wadda ake matse mai daga ƙwayarta, dangin kabeji ce, kuma an fi noma ta a ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da Faransa. Kafin maganar taki, abin dubawa shi ne yadda gona take tsane ruwa. Saiwarta doguwa ce mai nutsawa ƙasa, in ruwa ya kwanta mata sai ta rasa iska ta ruɓe, ganyen ya koma ruwan ɗorawa, komai yawan takin da aka zuba. Wani zai ce ai a kwarin kogin Yangtze na Sin a gonakin shinkafa ake shuka ta. Haka ne, amma sai an girbe shinkafar, an haƙa magudanai tukuna. Gonar da ba ta tsanewa ba ta dace da kanola ba.