Gudun motsa jiki a hanyoyin karkarar Birnin Gwari: Abubuwan da ya kamata ka sani

In ka fita da sanyin safiya wajen filin Murtala a Kaduna, za ka ga mutane suna sassarfa, wasu da 'yar na'ura a kunne, babu mai ɗaga kai ya dube su. A Birnin Gwari kuwa kalmar gudu tana da wani nauyi na daban. Shekara goma da 'yan kai, saboda 'yan bindiga, wanda aka hango a guje daga wajen gona ba a tsayar da shi a ce lafiya, rufa masa baya ake yi. Duk da haka ƙasar cike take da masu buƙatar gudu: samari masu shirin shiga soja ko ɗan sanda, 'yan ƙwallo, da magidantan da likita ya ce su rage teɓa saboda hawan jini ko ciwon suga. Zagaya fili ɗaya kullum yana gundurar mutum, ga kuma hanyoyin ƙauye a shimfiɗe.

Wace hanya ake nufi?

Mutumin birni yana ganin duk hanyar da ba kwalta iri ɗaya ce. Ɗan ƙauye ya san bambanci. Akwai turba, wadda ƙafa ta fitar tsakanin gari da gari ko gari da rafi. Akwai hanyar gona, mai faɗin amalanke, wadda takan mutu a bakin kunyar wani. Akwai burtali, hanyar shanu, mai shinge dama da hagu. Yana da faɗi, amma kofato ya farfasa shi, da rani kuma sawun yakan bushe ya zama ramuka masu gurɗa ƙafa. Sai ɓarauniyar hanya, wadda babura suka yanka cikin daji don kauce wa babban titi. Wannan ta ƙarshe, a Birnin Gwari, ba ta mai motsa jiki ba ce ko kusa.

Manyan titunan kuma, na Kaduna ta Buruku da Udawa, na Funtuwa, da na Tegina mai gangarawa kudu, manyan motoci ne suka mallake su. Gefensu ba wurin sassarfa ba ne.

Me ya sa gwanayen tsere ke son hanyar ƙasa?

Domin tana sassauta wa gwiwa da idon sawu, hawa da gangara kuma suna gina ƙarfin da shimfiɗaɗɗen fili ba ya ginawa. Garin Iten na Kenya, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, a kan jajayen hanyoyin ƙauye ya yi suna, inda 'yan tsere ke ratsa gonaki da asuba. Bekoji ta Habasha ƙaramin gari ne na manoma, amma daga can Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka fito. A Najeriya ma 'yan dogon tsere da yawa daga tsaunukan Filato suke, musamman wajen Pankshin. Da aka yi gasar kilomita 21 a Kaduna a watan Nuwamban 2020, baƙi daga gabashin Afirka ne suka kwashe manyan kyaututtukan.

Birnin Gwari ba ta da tsayin Iten, don haka kada wani ya ce maka iskarta za ta mayar da kai zakara. Abin da take da shi jar ƙasa ce, da duwatsu jefi-jefi, da inuwar ɗorawa da kaɗanya a bakin hanya. Wannan ya wadatar.

Hanyar ta buɗu da gaske?

A nan ne maganar take. Dazukan Kamuku da Kuyambana, waɗanda suka haɗe da na Zamfara da Neja da Katsina, sun daɗe a hannun 'yan bindiga, a gabashin masarautar Birnin Gwari kuma, wajen Damari, 'yan Ansaru sun yi zama. A 2021 har layukan waya gwamnati ta katse a yankin, ta hana hawa babura. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka ƙulla sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta yi kusan shekara goma a rufe. Motoci sun dawo titi, manoma da dama sun koma gonakin da suka yi saura.

Sai dai sulhu ba ya sauka ko'ina a rana ɗaya kamar ruwan Agusta. Turbar da ke lafiya a wannan mako tana iya lalacewa a na gaba, abin da ya dace da Randagi ba lalle ya dace da Kuyello ko Dogon Dawa ba. Taswirar waya ba ta san wannan ba. Waɗanda suka sani su ne mai unguwa, 'yan sa-kai, 'yan acaɓa, da matan da ke zuwa itace. A ganina ma'auni ɗaya ne: in mata da yara suna bin hanya su kaɗai, ana kuma ganin sabon sawun amalanke, to ta mai gudu ce. In ciyawa ta rufe tsakiyarta alhali ga gonaki a gaba, akwai dalilin da ya sa aka ƙaurace mata. Kada ka zama kai ne mai gwadawa.

Zagaye ya fi miƙewa. Zaɓi hanyar da ke kewaye gari, inda kana jin kiran salla ko kukan zakara, ba wadda ke nausawa da kai kilomita biyar cikin dawa ba. Ku fita ku uku ko huɗu, bayan gari ya waye sosai, wani a gida ya san inda kuka bi.

Kada ka tayar da gari

Wannan darasi a jikina na koye shi. Wata safiya a wani ƙauye na fito ina sassarfa, sanye da baƙar riga mai hular sanyi. Na sha kwana kenan sai ga mata uku ɗauke da tuluna. Ta gaba ta dube ni, ta dubi bayana, ta saki tulun. Kafin in ce uffan, yaro ya ruga cikin gari yana ihu. Dattijon da ya fara isowa, da sanda a hannu, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, wa ya biyo ka?" Na ce, "Baba, babu kowa, motsa jiki nake." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in je in biya kuɗin tulu.

Saboda haka a fara da gaisuwa a ƙofar mai unguwa. A sa tufa mai haske, a guji duk abin da ya yi kama da kakin soja, kada a rufe fuska ko da hunturu ya tsananta. In ka hango mutane, rage gudu tun daga nesa, ka yi sallama da ƙarfi. In garke ne, tsaya cak ka bar shi ya wuce. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san motsa jiki ba. Na'urar kunne kuwa a bar ta a gida, domin ƙarar babur daga nesa labari ce da ya kamata ka ji.

Damina, kaka da bazara

Da damina laka tana kama takalmi, rafin da ka tsallake da safe yana iya cika kafin ka juyo, masara da dawa kuma sukan yi tsayin da ba ka ganin taku goma a gabanka. Lokacin maciji ne kuma, kububuwa da kasa, masu kwanciya a gefen turba. Bayan kaka, in an kwashe amfani, fili ya buɗe, ƙasa ta yi tauri, shi ne lokaci mafi daɗi, sai dai ƙarangiya a safa da kututturen kara mai huda tafin takalmi. A bazara, Maris da Afrilu, wanda bai gama kafin ƙarfe takwas ba ya haƙura sai gobe.

Gandun Kamuku fa?

An keɓe shi tun 1936 a matsayin dajin En'e, ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Ko a zamanin lumana ba a shiga sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta. A yanzu mai gudu ba shi da abin yi a can. Zagayen gonakin bayan gari, sau biyu ko uku, ya kai kilomita biyar ɗin da mai farawa ke buƙata, in kuma ana son sanin tsawonsa, ɗan acaɓa mai lafiyayyar mita zai auna shi a kan kuɗin mai.