Yadda ake cire man shanu a Turai, a turo mana ragowar madarar

Idan mai shayi ya zuba maka cokali biyu na madarar gari da safe, akwai yiwuwar maiƙon da kake ji a baki ba na saniya ba ne. A yawancin madara mai araha da ake aunawa daga buhu a kasuwanninmu, an riga an cire man shanun tun a Turai, aka maye gurbinsa da tataccen manja.

Duk wanda ya san nono ya san bambancin kindirmo da tsala. Bafulatana ta kaɗa nono, ta kwashe man ta sayar daban, abin da ya rage shi ne tsala. Haka manyan masana'antun Ireland da Holland da Poland ke yi, sai dai su da injina.

Dalilin kuwa kuɗi ne. Sai an sarrafa kusan lita 20 ta madara kafin a samu kilo ɗaya na bota, kuma masu saye suna da yawa. New Zealand ce ke kan gaba wajen fitar da shi, sai Tarayyar Turai. China na cikin manyan masu saye, haka ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya. Indiya ta fi kowa samar da madara, amma mutanenta ke shanye kusan duka man a gida.

A watan Agustan 2014 Rasha ta hana shigar kayan madara daga Turai. A Afrilun 2015 kuma Tarayyar Turai ta soke dokar da ta ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar, dokar da ke aiki tun 1984. Madara ta yi yawa, farashi ya faɗi. Ana cikin haka Turawa da Amurkawa suka koma wa bota bayan shekaru suna gudunsa saboda tsoron ciwon zuciya. A 2017 farashin tan ɗaya ya haura Yuro 6,000, har bota ya yi ƙaranci a kantunan Faransa.

To ina za a kai tsalar? A lokacin, kusan tan 380,000 na garin madara marar mai na jibge a rumbunan Tarayyar Turai. Haɗa irin wannan gari da manja, wanda bai kama ƙafar bota a tsada ba, ya zama hanyar samun riba sau biyu, kuma Afirka ta Yamma na cikin manyan kasuwanninsa. Harajin ECOWAS kan garin madarar da ke shigowa cikin manyan buhuna kashi 5 cikin 100 ne kacal.

A gaskiya wannan madara ba guba ba ce. Tana da furotin da sinadarin ƙarin ƙarfin ƙashi, tana jure zafi ba tare da firji ba, kuma ita ce talaka ke iya saya. Inda matsalar take shi ne idan an fasa buhu an ƙulla a leda, babu rubutun da zai gaya wa mai saye abin da ke ciki. Uwa na iya dama wa jaririnta, alhali ba a yi ta don jarirai ba.

Makiyayi ma abin ya shafe shi. Mai ƙaramin kamfanin yogot a Kano ko Yamai zai fi son buhun gari da ba ya lalacewa a kan ya bi ruga-ruga da babur yana tattara madarar da za ta iya tsinkewa kafin azahar. Shi ya sa ƙungiyoyin makiyaya a Nijar da Burkina Faso da Mali da Senegal suka ƙaddamar da gangamin kare madarar gida a 2018, suna neman a ƙara harajin.

A Najeriya, Babban Banki ya taƙaita bai wa masu shigo da madara dala a 2020, ya bar kamfanoni shida kawai, da nufin a koma sayen ta gida. A 2024 ya janye matakin.