Ba allurar barci ce ke taɓa ƙwaƙwalwa ba

Ana yawan cewa duk wanda aka buɗe wa kai ba ya dawowa daidai, wai allurar barci ce ke cinye masa ƙwaƙwalwa. Da wannan magana dangi ke ƙin sa hannu a takardar tiyata, alhali ɗan acaɓar da ya faɗi yana ƙara nutsewa cikin suma.

Abin takaici shi ne, likitan sa barcin da ake zargi shi ne mai gadin ƙwaƙwalwar. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana shanye kusan kashi 20 na iskar oksijin, kuma ba ta da ajiya. Jini ya yanke mata na 'yan mintuna, ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Maganin sa barci irin su propofol rage mata aiki yake yi, buƙatarta ta ragu.

Ƙoƙon kai kuwa kamar motar haya ce da ta cika maƙil da fasinja uku: ƙwaƙwalwa, jini, da ruwan da ke kewaye da ita. Kumburi ko gudan jini ya shigo, ƙofa ba ta buɗuwa, dole a matse wani, kuma ruwan da hanyoyin jini ake fara matsewa. Shi ya sa likitan sa barci ke ɗan ɗaga kan majinyaci, ya ba shi mannitol don janye ruwa, ya daidaita numfashinsa da na'ura, domin yawan iskar kabon yana buɗe jijiyoyi ya ƙara cunkoso, ƙarancinta kuma yana tsuke su. Idonsa na kan bugun jini, sukari da zafin jiki har a gama.

Babu wata allurar mu'ujiza. Binciken IHAST na 2005, kan mutum 1,001, ya nuna sanyaya jiki zuwa digiri 33 yayin tiyatar jijiyar jinin da ta fashe a ƙwaƙwalwa bai ƙara samun sauƙi ba. Na CRASH a 2004 ya gano cewa maganin steroid ƙara mace-mace yake yi ga masu raunin kai.

Sau da yawa ɓarnar kan auku tun kafin a isa ɗakin tiyata, a bayan a-kori-kura, babu oksijin, jini na zuba. Hukumomi sun fi son ƙaddamar da sabon gini, ga likitocin sa barci sun yi ƙaranci, wasu ɗakunan tiyatar ma babu na'urar auna iskar kabon a numfashi.