Ko Kun Sani? Wutar Da Ta Keta Sararin Sudan Da Asuba

Ko kun san cewa a nan Sudan ne aka fara ganin faɗowar dutsen sama wanda masana suka hango tun bai iso duniya ba?

Da asubahin ranar 7 ga Oktoba, 2008, wata wuta ta haskaka hamadar Nuba a arewacin ƙasar, ta bar zanen hayaƙi a sama har gari ya waye. Ba jirgin baƙin halittu ba ne, ba kuma asirin wata gwamnati ba. Dutse ne mai faɗin kimanin mita 4, wanda masanin taurari Richard Kowalski ya gano da madubin hangen taurari a Arizona ta Amurka kusan awa 20 kafin ya faɗo. Dutsen ya tarwatse a nisan kilomita 37 daga ƙasa.

A watan Disamba na wannan shekarar, Dakta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartoum da masanin taurari Peter Jenniskens suka jera ɗalibai sahu-sahu a cikin rairayi, kusa da tasha ta shida ta jirgin ƙasa tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad. A ƙarshe an tsinci ɓaraguzai kusan 600, baƙaƙe, wasunsu ɗauke da ƙwayoyin lu'ulu'u da ido ba ya gani. Sunansu Almahata Sitta, wato tasha ta shida.

Ƙasar Hausa ma ta samu rabonta: a ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta lardin Katsina, aka kuma tabbatar daga duniyar Mas ya fito.

Don haka 'yan'uwa na Wad Haddad da Mai Wurno a nan Sudan, in haske ya gifta da dare, a yi tasbihi, a kuma nemi sani.