Daga Kaset Zuwa Intanet: Yadda Masu Sana'ar Bidiyo A Agege Za Su Tsare Ingancin Hoto

IKKO — A unguwar Agege, inda cinikin goro da layin dogo suka tara Hausawa tun zamanin Turawa, ba a rasa mai ɗaukar bidiyo a wurin ɗaurin aure, ko wa'azi, ko naɗin sarauta. A da, kaset ko faifai ake miƙa wa mai biki. Yanzu kuwa bukatarsa ita ce 'yan uwansa da ke Kano ko Maraɗi su kalla a wayoyinsu. A wajen wannan juyi ne aiki mai kyau yake dusashewa, ciniki kuma ya bi shi.

Dalili shi ne, kafin bidiyo ya hau intanet sai an matse shi, kuma kowace matsewa tana zubar da wani ɓangare na hoton wanda ba ya dawowa. Wanda ya tace hoto, ya tura ta WhatsApp, sannan aka ɗora wannan kofen a YouTube, ya sa an matse aikinsa sau uku ke nan.

Don haka ƙa'idar farko ita ce a adana uwar aiki, wato masta, a riƙa juyawa daga gare ta kai tsaye, sau ɗaya tak. Kamfanin YouTube ya ba da shawarar tsarin MP4 mai matsewar H.264, da gudun megabit 8 a daƙiƙa ga hoto mai layi 1080, ko megabit 5 ga mai layi 720. Bisa wannan lissafi, bidiyon awa ɗaya mai layi 1080 zai kai kimanin gigabait 3.6. Ya kamata a sa kuɗin wannan data cikin farashin aiki tun farko, maimakon a rage nauyin bidiyo a ɓata shi. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana yin wannan juyi. Idan kuma tilas sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin ta haka ba a sake matse shi.

Tsofaffin kaya su ma dukiya ce. Tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano cikin 1990, fina-finan Hausa masu yawa sun fito a kaset, daga baya a faifan VCD. Hoton VCD layi 288 ne kawai, rabin na DVD mai layi 576, saboda haka duk wanda yake da masta kada ya juya daga faifan kasuwa. Har ila yau, a bar hoton a kan 25 a daƙiƙa yadda aka ɗauke shi, kuma kada a miƙe faɗinsa don ya cika allo, fuskoki su baje.

Akwai riba a cikin wannan kulawa. Shirin Izzar So, wanda ya fara fitowa a YouTube cikin 2020, ya nuna cewa masu kallon Hausa sun koma waya. Kaset kuwa ba ya jure laimar Ikko. Wanda ya bari ya yi fumfuna a cikin kwali, ya yi asarar jarin da ba a sayensa a kasuwa.