Nonon da Ke Naɗa Sarki

A kabarin Fir'auna Tutmos na Uku, cikin Kwarin Sarakuna da ke tsallaken Luksor, akwai wani ɗan zane mai tsayar da mai kallo. Bishiyar ɓaure ce, amma hannu ya ɓullo daga jikinta yana tallafe da nono, ga sarki tsaye yana tsotsa. Rubutun gefe ya ce uwarsa Isis ce ke shayar da shi. Da gangan aka bar maganar da harshen damo, domin Isis sunan babbar abar bautar Misirawa ne, kuma sunan mahaifiyarsa ta jini ke nan.

Me zai sa a zana ƙaton sarki da ya ci ƙasashe da yaƙi yana shan nono? Wanda ya san hukuncin 'yan uwan shayarwa ba zai sha wahalar ganewa ba: nono na ƙulla zumunci. A wurin Misirawan dā, wanda abar bauta ta shayar ya zama ɗanta, sarautarsa kuwa ta halasta. Ga misali: a Deir el-Bahari, a 1906, an tono gunkin abar bauta Hathor cikin siffar saniya, da ƙaramin sarki durƙushe a ƙarƙashin hantsarta. Gunkin yana gidan tarihin Alƙahira yanzu.

Talakawa ma ba a bar su a baya ba. Daga wajen 664 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙananan layu na tangaran mai ruwan shuɗi da kore suka yawaita: Isis zaune bisa karaga, jaririnta Horus a cinya, hannunta na dama riƙe da nonon hagu. Wasu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, da 'yar kafar zura zare a baya. A imaninsu, Isis ce ta ɓoye Horus cikin fadama don kada baffansa Set ya halaka shi, don haka iyaye mata suka riƙe ta garkuwar 'ya'yansu.

Sarakunan Kush na Nubiya, a Sudan ta yau, sun karɓi wannan hoto amma suka ɗan murɗa shi. A maƙabartar el-Kurru, masanin kayan tarihi George Reisner ya samo wata layar azurfa mai ruwan zinariya ta ƙarni na 8 kafin Annabi Isa, wadda ke Boston yanzu. A jikinta, wadda ake shayarwa ba sarki ba ne, ba kuma jariri ba. Sarauniya Nefrukakashta ce, da ake ɗauka matar Sarki Piye ce, tana shan nonon abar bauta, wanda a Masar kusan sarakuna maza kaɗai ake zanawa suna sha.