Kafin Ka Sauya Shokazobar Baya

Wata rana da yamma ina zaune a rumfar wani dattijon bakanike a Birnin Gwari, sai ga wani manomi ya turo babur ɗinsa Boxer, ƙura ta yi masa buɗu-buɗu har gira. Ko gaisawa ba su gama ba ya ce, "Oga, so nake ka ƙara mini shok biyu a baya su zama huɗu. Ƙuguna ya gaji, ita ma kujerar har taya take taɓowa."

Dattijon bai ɗauki sifana ba. Tafin hannunsa ya ɗora a kan kariya, ya danna da ƙarfi, ya saki. Bayan babur ɗin ya yi sama, ya yi ƙasa, ya sake yin sama, sai a karo na uku ya tsaya. Ya shafa jikin shokazobar hagu, ya nuna masa yatsansa da baƙin maiƙo cakuɗe da jar ƙasa. Ya ce, "Malam, sifirin ɗinka lafiyarsa ƙalau. Man ciki ne ya tsiyaye. Ko takwas na ɗaura maka, tsallen nan ba zai bari ba."

A ƙasar Birnin Gwari babur ya wuce abin hawa na marmari. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Kaduna ta Buruku da Udawa, ko wadda ta nufi Funtuwa, sai burji da turbar daji. Mutanen Randagi da Kakangi da Kuyello da ƙauyukan gefen dajin Kamuku a kansa suke kai mara lafiya asibiti, su ɗauko taki, su fito da masara. Kowa ya ji a jikinsa a ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur saboda matsalar tsaro. Tun da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta garin a watan Nuwamba na 2024, zirga-zirga ta farfaɗo, nauyin ya koma kan tayar baya.

Abin da muke kira shokazoba abu biyu ne a haɗe. Na farko sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ido ke gani. Shi ke ɗaukar nauyi, ya lanƙwashe idan taya ta hau dutse. Sai dai sifirin ba shi da haƙuri, yadda aka danne shi haka yake ramawa. Na biyu yana ɓoye a tsakiya: bututu ne cike da mai, da sanda mai kan fistin a ciki. Duk motsin da sandar za ta yi, sai man ya kutsa ta wasu 'yan ƙananan kafofi, wannan matsin shi ke rage wa sifirin gaggawa. Idan robar da ke tare bakin bututun ta cinye, mai ya fita, an bar sifirin ba linzami ke nan.

Yawancinmu muna auna shok da ƙugu, alhali babban aikinta shi ne ta manne tayar baya da ƙasa. Tayar da take tsalle, a daidai lokacin da take sama ba ta jin birki, ba ta kuma riƙe hanya a kwana. Shi ya sa a kan gargada za ka ji bayan babur yana zillewa gefe kamar wutsiyar kifi. Doguwar tafiya a irin wannan hanya tana sa man ya yi zafi ya tsinke, har ya yi kumfa, sai shok ɗin da ta fita da ƙarfinta da safe ta yi laushi kafin azahar.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Baburan farko ba su da komai a baya sai sifirin a ƙarƙashin sirdi. Daga baya aka zo da ƙarfen nan mai hawa da sauka da ke riƙe da tayar baya, da shok ɗaya a kowane gefe, irin wanda muke hawa har yau. A 1973 wani ɗan ƙasar Suwidin, Håkan Andersson, ya ci gasar duniya ta tseren babur a kan ƙasa da Yamaha mai shok guda a tsakiya, salon ya bazu. A 1976 aka kafa kamfanin Öhlins a ƙasar tasu, wanda ya yi suna a wannan sana'a. Masu yawon ƙasa-ƙasa a kan manyan babura irin BMW GS sukan sayi shok da kuɗinta ya kai na sabon ƙaramin babur. Abin da suke biya wa kuɗi shi ne a zaɓa musu sifirin daidai nauyinsu da na kayansu, da man da ba ya tsinkewa a hanya. Wannan tunanin kuwa kyauta ne, mai Boxer ma zai iya ɗauka. Kamfanin Bajaj ma da shi ya yi aiki da ya sa sifirin cikin sifirin a bayan Boxer, don ta jure kaya ba tare da ta yi wa mai tafiya shi kaɗai tauri ba.

Saboda haka kafin ka taɓa aljihu, fara da abin da ba ya cin kuɗi. A gindin yawancin shokazobobi akwai wani zobe mai haƙora, sau da yawa mataki 5, wanda ake juyawa don a ƙara matse sifirin. Mai tafiya shi kaɗai ya bar shi a matakin ƙasa. Mai goyo ko buhu ya ƙara. Dole hagu da dama su zama a mataki ɗaya. Ga yadda za ka gane ka dace: ɗora babur a kan babban sitan yadda tayar baya za ta rataya, ka sami karan dawa ka auna daga notin taya zuwa kariya, ka yi alama. Sauke shi, ka hau da irin kayan da ka saba ɗauka, wani ya sake aunawa. Ya kamata ya zauna wajen kashi ɗaya cikin uku na iyakar lanƙwasarsa, wato kusan santimita 3 a ƙananan babura, faɗin yatsu biyu. In ya zarce haka sosai, ramin farko zai ƙure shi, ka ji "ƙwas" har cikin kanka. In ko bai motsa ba, ya yi tauri.

Duba kuma robobin da ke idon shok sama da ƙasa, da na ƙarfen da ke riƙe da taya. Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, robobin sun mutu, ko sabuwar shok ba za ta hana rawa ba. Iskar taya ita ma a sa ta da ma'auni, a daina cika ta tam kamar ganga.

In kuwa mai ya tsiyaye, ko sandar ta karce, ko sifirin ya kwanta, sai sauyi. A sauya duka biyun tare. A tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, ko a nan gari ko a Panteka ta Kaduna, a gwada tsawo daga ido zuwa ido. Wadda ta fi tsawo tana ɗaga baya, ta sauya zaman babur, ta dagula saitin sarƙa. A danna sabuwar a gani: mai kyau takan dawo a hankali, jabu kuwa takan yi wuf ta miƙe, don wata ba mai a cikinta sai fenti mai ƙyalli. Araha ba ta ado. Bayan an ɗaura, a sake saita sarƙa da mutum a kan kujera.

Batun shok huɗu fa? Gaskiya tana hana kujera taɓa taya, amma dukan da shok ta ƙi sha ba ɓacewa yake ba. Sauka yake a kan firam, da waldar da aka yi, da sifokun wili, da bayan mahayi. Ranar da aka sauke kaya kuma, babur ya zama kututture. Garin neman gira a rasa ido. Buhun masara ɗaya ya kai wajen kilo 100. Biyu da direba sun ninka nauyin babur ɗin kansa fiye da sau biyu, kuma birki da taya suna nan yadda kamfani ya yi su.

Manomin nan dai shok biyu ya saya a ranar, ba huɗu ba. Dattijon ya ɗaura, ya juya zoben zuwa mataki na huɗu, ya sa shi ya hau ya auna da kara. Da zai tafi ya bi shi da magana: "In ka sauke buhunan, ka mayar da zoben baya. Ranar da suka zama uku kuma, ka yi sawu biyu." Mutumin ya yi dariya ya ce, "To Baba, na ji." Muna kallonsa ya faɗa ramin bakin kwalbati, bayan babur ya nutsa sau ɗaya ya daidaita, ya wuce.